Mai Juna Biyu da Salak: Inda Ɗanyen Ƙwai Yake Ɓuya

A Kaduna yau, da wuya a miƙo wa mutum shinkafar biki ko ta suna ba a ɗora masa salak a gefe ba. Kabeji da karas, wani lokaci har da latas da kokwamba da dafaffen ƙwai, an kwaɓe da bama ya yi fari tas. Da azumi kuwa ba a magana, gidaje da yawa da shi suke buɗa-baki. Ga mai juna biyu abin ya wuce marmari, domin lokacin laulayi, sa'ad da ƙamshin miya ma ke tayar mata da zuciya, sau da yawa abu mai sanyi da ɗan tsami ne kaɗai yake zama a cikinta. To a nan magana take rabuwa biyu. Wasu su ce mata ta ƙaurace wa bama har ta sauka, wai da ɗanyen ƙwai ake yin ta. Wasu su ce ai Turawa ma sun ce babu komai, ta ci abinta. Kowane ɓangare da ɗan abin da ya riƙe na gaskiya, amma babu wanda ya kawo ta cikakkiya.

Bama dai ba wani abu ba ce illa gwaiduwar ƙwai da mai da abu mai tsami, ko ruwan khal ko lemon tsami, a buga su har su kama jikinsu. Amma bama iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa. Ta kwalba, wadda manyan kamfanoni ke yi, ba da ƙwan da aka fasa yanzu ake haɗa ta ba. Sai an fara dumama ruwan ƙwan da wani ƙayyadadden zafi wanda zai kashe ƙwayoyin cuta amma bai kai ya dafa shi ba, hanyar da ta samo suna daga Louis Pasteur, masanin nan na ƙasar Faransa. Bayan haka kuma ana auna tsaminta yadda ƙwayar cuta ba za ta ji daɗin zama a ciki ba. Saboda haka mai ciki za ta iya cin bamar kwalba hankali kwance, muddin akwai lambar NAFDAC a jiki, kwanan watanta bai wuce ba, kuma murfin bai taɓa buɗuwa ba kafin ta saya. Wadda ake ɗiba daga babbar roba a ƙulla a leda, ita ba na ba da shawararta, don ba a san cokali nawa ya shiga robar ba, ba a kuma san tun yaushe take buɗe ba.

Ɗayar ita ce haɗin gida, kuma ita ce ta sa na ɗauki wannan batu. Tun da kaya suka yi tsada, bidiyoyin koyar da haɗa bama suka cika TikTok da Facebook da zaurukan mata na WhatsApp. A fasa ƙwai ɗaya ko biyu a bilenda, a matsa lemon tsami, a sa ɗan sukari da gishiri, a kunna, a riƙa tsiyaya man gyaɗa siriri-siriri. Ana kallo ruwan zai fara kauri, ƙarar injin ta canza, kafin ka ce kwabo ga bama ta tsaya cak a cokali. Abin da ban sha'awa, ga sauƙin kuɗi, kuma a baki wasu ma sun fi son ta. Sai dai tun daga fasa ƙwan har zuwa lokacin da ta shiga baki, wuta ba ta taɓa shi ba. Farin da ta yi da kaurin da ta yi ba dahuwa ba ne. Wasu masu girkin biki da wasu masu shawarma su ma da kansu suke haɗa tasu don rage kashe kuɗi. A manyan otal-otal da gidajen abinci na zamani kuma akwai salak ɗin Siza, wanda wani ɗan Italiya mai suna Caesar Cardini ya ƙirƙira a garin Tijuana na ƙasar Meziko a 1924. Miyarsa ta asali da ɗanyar gwaiduwa ake yi, ko wadda aka ɗan tsoma a ruwan zafi kawai.

Abin da ake gudu a ɗanyen ƙwai wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira salmonela. Hanya biyu take bi. Ta farko kowa zai iya ganewa: tana zaune a hanjin kaza, tana fita a kashinta, kashin ya taɓa ɓawon ƙwai, wajen fasawa ta gangara ciki ko ta maƙale a hannu. Ta biyu ce mutane ba su cika sani ba. Akwai nau'inta da yake shiga mahaifar kazar, ya shige cikin ƙwan tun kafin ɓawo ya rufe shi. Kazar tana nan lafiya lau, tana cin dusarta tana saka ƙwai kullum. Ƙwan kuma fes, babu tsaga, babu wari, ɗanɗanonsa bai canza ba. Shi ya sa dabarun da muka saba da su ba sa aiki a nan. Jefa ƙwai a ruwa a ga ko zai nutse yana nuna sabo ne ko tsoho, ba ya nuna ƙwayar cuta. Wanke ɓawo ba ya isa ga abin da ke ciki, kuma idan aka wanke aka ajiye ma an cire wata siririyar kariya da ke toshe ƙananan ƙofofin ɓawon. Ƙwan kajin gida da ƙwan zabi da muke samu da damina su ma ba su tsira ba. Kazar da ke yawo a tsakar gida tana tonon bola ba ta fi ta gona tsabta ba.

Yanzu ga maganar “Turawa sun ce babu komai”. Gaskiya ne, amma wasu Turawan ne, kuma a kan wani irin ƙwai ne. A ƙarshen 1988 wata ƙaramar ministar lafiya a Birtaniya, Edwina Currie, ta fito ta ce salmonela ta mamaye yawancin gonakin ƙwan ƙasar. Kasuwar ƙwai ta faɗi warwas, ita kuma kujerarta ta tafi. Bayan shekara 10, a 1998, masu kiwon kaji suka kafa tsarin da ake yi wa kaji masu saka ƙwai rigakafin salmonela, ana duba gonaki, ana buga wa kowane ƙwai jan tambarin zaki da kwanan wata. Sai a watan Oktoba na 2017, bayan an ga cutar ta ragu ƙwarai, hukumar kula da ingancin abincinsu ta ce mai ciki da jarirai da tsofaffi za su iya cin ƙwai ɗanye ko mai ruwa-ruwa, amma mai wannan tambarin kaɗai. A Amurka har yau shawarar hukumominsu ga mai ciki ita ce ta guji ɗanyen ƙwai, kuma a 2010 sai da aka janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa saboda salmonela da aka gano daga wasu gonaki a jihar Iowa.

To a ɗauko wannan a auna da kiret ɗin da ake saye a Kasuwar Barci ko Kawo ko shagon bakin layi. Babu tambarin da zai gaya miki daga wace gona ya fito, ranar da aka saka shi, ko irin rigakafin da aka yi wa kazar. Ya taho a bayan mota cikin rana, ya zauna a kan teburi kwanaki babu sanyi. Wannan ba zargin masu kiwo ko masu sayarwa ba ne, da yawansu suna iya ƙoƙarinsu. Magana ce ta cewa mai saye ba ta da hanyar tantancewa. Shawarar da aka yanke don ƙwai mai tambarin zaki ba ta hau kan namu ba, kuma duk mai yaɗa ta a zauren mata ba tare da wannan bayani ba, ba ta kyauta wa 'yan uwanta ba.

Kada kuma a ɗauka kowane ƙwai guba ne. Wani tsohon ƙiyasi na Amurka ya ce a ƙwai 20,000 ɗaya ne ke ɗauke da ƙwayar a cikinsa. Ƙiyasinsu ne, na gonakinsu, amma yana nuna cewa mace za ta iya shekara tana haɗa bamarta ba abin da ya same ta, har ta ce ai surutu ne kawai. Inda lissafin yake canzawa shi ne wurin yawa da lokaci da zafi. Mai girkin biki ba ƙwai biyu take fasawa ba, kiret guda ne ko fiye, duk a roba ɗaya. Idan ɗaya ya ɓaci, ya ɓata sauran, kuma ɗaruruwan mutane ne za su ci. Wata ma don neman sauƙi fasassun da ake karyar da kuɗinsu a gona take saye, waɗanda suka fi kowanne haɗari.

Ita bakteriya idan ta sami abinci da ɗumi tana iya rubanya kanta duk bayan kamar minti 20. Guda ɗaya, in yanayi ya yi mata daidai, cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Zafin da ta fi so yana tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyas, kuma da bazara, a watannin Maris da Afrilu, zafin Kaduna yakan kai digiri 35 har ya wuce. Ka'idar masana abinci ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Yanzu a tuna yadda bikinmu yake. An yanka kabeji tun bayan asuba, an kwaɓa da hantsi, an zuba a robobi kusa da shinkafa mai tururi, an rufe, an jera a buhu ko kula. Kati ya ce ƙarfe 2, amarya ba ta iso ba sai bayan la'asar. Wata kuma ta ƙulle nata ta kai gida, sai bayan isha'i za ta buɗe. Zafin shinkafar ya riga ya ratsa salak ɗin, ya yi laushi, ya fara tsatsafo da ruwa a ƙasan robar. A wannan matakin ko da bamar kwalba aka yi, ban yarda mai ciki ta ci ba, domin ruwan kabeji da dankali da makaroni yana tsinka tsamin bamar, kariyar da take da ita ta ragu, duk abin da ya shigo daga hannu ko wuƙa ko ganye ya sami wurin hayayyafa.

Haka nan lemon tsami ba ya dafa ƙwai. Tsami mai ƙarfi yana iya kashe salmonela a hankali, amma sai an auna shi daidai kuma an ba shi lokaci mai tsawo, abin da ba a yi a kicin ɗin gida inda ake matsawa da ka a ci nan take. Firji shi ma ba ya kashe ta, hana ta ƙaruwa kawai yake yi, shi ma in akwai wuta. Mu da muka san yadda ake ɗauke wuta tun safe sai dare, firjin da ya wuni a kashe akwati ne kawai.

Me ya sa aka ware mai ciki? Domin garkuwar jikinta tana sassautawa a wannan lokaci don jiki ya karɓi abin da ke cikinta, sai cutar da wani zai share cikin kwana biyu ita ta kwantar da ita. Alamomin salmonela sukan bayyana daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan cin abincin: gudawa, murɗawar ciki, zazzaɓi, wani lokaci da amai, kuma yawanci sukan ɗauki kwana 4 zuwa 7. Galibi ƙwayar ba ta isa ga jaririn, kuma yawancin mata suna warkewa sarai. Wannan ya kamata a faɗa don kada wadda ta riga ta ci ta tayar da hankalinta. Abin tsoron shi ne ƙarewar ruwan jiki da zazzaɓi mai zafi, waɗanda kan iya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. A wasu lokuta ƙalilan kuma ƙwayar takan shiga jini, ta kai ga mahaifa, a yi ɓari ko a rasa jaririn. Ga macen da dama jininta bai cika ba, ko ta sha fama da aman laulayi, kwana uku na gudawa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna fiye da ƙwan, wato ganyen kansa. Mace za ta yi ta tambaya a kan bama, ta manta da latas ɗin. Kayan lambun da ke shigowa Bakin Dogo da sauran kasuwanni, ko daga Jos da Zariya ko daga fadamun bakin kogin Kaduna, a ƙasa suka tashi, da taki aka yi renonsu, sau da yawa kashin kaji ko na dabbobi, kuma ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba na sha ba ne. A ƙasa da taki ake samun wata ƙwayar mai suna listeriya. Ita ba ta yaɗu kamar salmonela ba, amma ta fi ta mugunta ga ciki, don tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri, kuma tana iya ci gaba da ƙaruwa ko a cikin sanyin firji. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mai ciki ta ninka sauran mutane kusan sau 10 wajen yiwuwar kamuwa da ita. Ɓarkewar da ta fara tabbatar wa duniya cewa ta abinci ake ɗaukar ta, a gabashin Kanada ta faru a 1981, kuma haɗin kabeji ne sanadi, kabejin da aka noma da takin tumaki. Mutum 41 suka kamu, 34 daga ciki masu juna biyu ne da jariransu. A nan kusa, Afirka ta Kudu ta yi fama da ita a 2017 zuwa 2018 ta hanyar wani sarrafaffen nama, mutum sama da 1,000 suka kamu, sama da 200 suka rasu, jarirai da yawa a cikinsu. Ga kuma wata ƙwayar cuta mai suna tokzoplazma, wadda ke fita a kashin kyanwa ta zauna a ƙasa, ita ma tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Saboda haka wanki ba wasa ba ne. A cire ganyen waje na kabeji a zubar. Latas a ɓare shi ganye-ganye, a wanke kowanne da ruwa mai tsabta wanda za a iya sha, ana zuba masa ruwan yana wucewa, ba a tara shi a roba ɗaya a jujjuya a tsame ba. Karas da kokwamba a wanke sannan a kankare bayansu. Gishiri da ruwan khal da iyayenmu ke sawa suna taimakawa wajen fitar da ƙasa da ƙananan ƙwari, khal yana ma rage ƙwayoyin cuta, amma ba sa gamawa da su duka. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza, kada su taɓa kayan salak sai an wanke su da sabulu. Wadda hankalinta bai kwanta da ganyen da ta samu ba, ta ɗan turara kabejin da karas ɗin, ko ta koma kwaɗon rama ko na zogale, waɗanda dama sai an tafasa su kafin a sa ƙuli-ƙuli.

Duk wannan ba yana nufin mai ciki ta bar ƙwai ba. Ina ma a ce kowace tana samunsa kullum. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin, ga sinadarin kolin da ke taimaka wa ginin ƙwaƙwalwar jariri, ga bitamin B12, kuma duk tsadarsa ya fi nama sauƙin samu. A dafa shi ne kawai har fari da gwaiduwa su daskare. In maigida ne zai sayo wurin mai shayi, ya ce masa, “Malam, a soya shi ya soyu sosai, kada a bar ruwa a tsakiya.” Al'adar nan kuma ta fasa ɗanyen ƙwai a madara ko a lemon malt a ba mai ciki wai don ƙarin jini, gara a bar ta. Bayan haɗarin salmonela, jiki bai ma cin moriyarsa yadda ake zato: gwajin da aka yi ya nuna kusan rabin furotin ɗin ɗanyen ƙwai kawai jiki ke iya ɗauka, na dafaffe kuwa kusan kashi 90 cikin 100. Ƙarin jini yana wurin ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo da abinci mai kyau. Haka ma lasar kwaɓin kek kafin a gasa, da askirim ɗin gida da aka sa wa ɗanyen ƙwai, duk hukuncinsu ɗaya.

Wadda ba ta son ta kwalba, ko kuɗinta ya yi mata yawa, tana da mafita a kicin ɗinta. Ta dafa ƙwai ya dahu sosai, ta ciro gwaiduwar ta murƙushe da cokali, ta sa lemon tsami da ɗan gishiri, ta riƙa ɗiga mai tana juyawa har ya yi laushi. Ko ta yi amfani da yogot na kamfani marar sukari. Ko ta buga madara da mai da lemon tsami a bilenda, yana yin kauri ba tare da ƙwai ba sam. Ta haɗa daidai wanda za a cinye, a kwaɓa lokacin da za a ci, abin da ya yi saura kada a ajiye mata shi zuwa gobe.

A waje ne abin ya fi wuya, saboda kunya. Mace tana jin nauyin ta tambayi uwar biki ko ƙanwar miji yadda aka yi abinci, kada a ce ta raina. Amma ana iya tambaya cikin ladabi: “Anti, don Allah bamar nan ta kwalba ce ko haɗin gida? A wurin awo an ce in kiyaye.” Babu babbar macen da za ta ji haushin wannan. Inda babu wanda za a tambaya, kamar robar da aka miƙo a ɗakin taro, ta ci shinkafarta da namanta in suna da zafi, ta ture salak ɗin gefe. Masu girkin biki kuma, don Allah, ku raba robar salak da ta shinkafa, ku bar kwaɓawa sai dab da rabo. A cikin kowane taron mata akwai masu ciki, har da waɗanda cikin bai fito ba tukuna.

In kuwa an riga an ci, sai a sa ido. Babu abin da za a sha don “wanke ciki”. Idan gudawa ta fara, a soma shan ruwan gishiri da sukari nan da nan, ko na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ko a haɗa a gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a aika yaro ya sayo Flagyl ko tetirasaikilin. Na farkon ba ya kashe salmonela, na biyun kuma an hana mai ciki saboda yana taɓa haƙora da ƙashin jariri. Zazzaɓi, jini a bayan gida, aman da ba ya barin ruwa ya zauna, jiri, ƙarancin fitsari, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, zubar ruwa ko jini, ko jin motsin jariri ya ragu, kowanne daga cikinsu ya isa a tafi asibiti a ranar, ko wurin da take awo ko manya irin su Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho. Ita listeriya ma sau da yawa ba ta zuwa da gudawa. Ɗan zazzaɓi ne da ciwon jiki da kasala, irin wanda kowa a garin nan zai ce maleriya ce, kuma tana iya ɗaukar makonni kafin ta nuna kanta. Don haka mai cikin da ta yi zazzaɓi ta je a gwada jininta, kuma ko likita bai tambaya ba, ta gaya masa abin da ta ci a makonnin da suka wuce, musamman in gwajin maleriya bai nuna komai ba. Akwai maganin da ke kashe ta wanda bai cutar da ciki, kuma in an fara shi da wuri yana iya kare jaririn.